Ankon Da Muka Kai Kumasi

"Ja da baƙi na ce! In ba ki so, Abeke, ki tafi Gana da zanen wanka!"

Ashabi ce ke wannan hargagi a tsakiyar shagonta da ke bakin kasuwarmu ta Ogbomosho. Ta warware leshin tana kaɗa mini shi a fuska. Ni kuwa ina zaune a bencinta ina cin gyaɗarta.

Na ce, "Ni fa ban ce bai yi kyau ba. Cewa na yi a can..."

"A can, a can! Kullum a can! Kina da shekara nawa aka koro ku daga ƙasar? Goma sha ɗaya. Ko majina ba ki iya facewa ba. Yau ke za ki koya mini zane? Shekara arba'in ina wannan sana'a. Kirsimeti ja ne, je ki tambayi kowa. Iya Morayo, ke ce mai tafiyar, yi magana mana!"

Iya Morayo ba ta ma san muna yi ba. Idonta na kan wayarta, tana kallon hoton wata yarinya mai kumatu, jikarta da ba ta taɓa ɗauka ba. Ta ce, "Duk wanda kuka zaɓa."

Bari in gaya muku yadda abin yake, don ni ba na iya riƙe magana. Mu uku ɗin nan benci ɗaya muke zama a coci tun muna goyon 'ya'yanmu. Iya Morayo, wadda sunanta na yanka Ajoke, 'ya ɗaya Allah ya ba ta. Yarinyar ta yi karatun jinya, ta haɗu da wani Ofosu mutumin Kumasi, ta ce shi take so. Uwar kuwa ta riga ta gama yi mata miji a zuciyarta, ɗan fastonmu, wani mai wuya kamar mariƙin lema. Aka yi ta fama. Ranar ƙarshe, ina tsaye a bayan taga, ba wai laɓe nake yi ba, inuwa ce ta fi kyau a wurin, na ji uwar ta ce, "In kika bi mutumin nan Gana, ki ɗauka na binne ki." Morayo ta bi shi. Shekara huɗu ko gaisuwa babu. Duk Lahadi in Baba Morayo ya kira 'yarsa a waya, sai uwar ta tuna tana da wanki a bayan gida. Wankin kuwa a gindin taga take yin sa.

To bana sai surukin da kansa ya kira, ya ce don Allah Mama ta zo su yi Kirsimeti tare. Ta ce ba za ta ba. Bayan kwana biyu ta ce za ta, amma sai da mu. Baban ƙafa ta hana shi doguwar tafiya. Shi ne Ashabi ta ce ba za mu shiga gidan surukai kamar 'yan gudun hijira ba, dole mu yi anko.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san abin da ja da baƙi yake nufi a Kumasi. A can aka haife ni. Mutanen nan ba sa haɗa ja da baƙi a jiki sai an yi mutuwa. Na kuma san leshin nan shekara biyu yana kwance a shagon Ashabi ba wanda ya taya, shi ya sa Kirsimeti ya zama ja dare ɗaya. Amma tunda ta ce ban iya face majina ba, sai na cika bakina da gyaɗa. Na ce a raina, ai sai safiyar Kirsimeti za mu sa. Morayo za ta gan mu tun a ɗaki ta hana, Ashabi ta ji kunya, ni kuma in samu labarin da zan ci shekara ina bayarwa. Iyakar abin da na shirya ke nan, Allah shi ne shaida.

Tafiyar kam ta yi daɗi. Daga Ikko muka hau babbar mota mai sanyi. Ashabi ta kama kujerar taga, ta rungume kular soyayyen nama kamar jariri, in ta ba ka tsoka ɗaya sai ta bi ta da ido har ka haɗiye. Iya Morayo ta rubuta jawabin da za ta yi wa 'yarta a bayan takardar waƙoƙin coci, tana ta bita ƙasa-ƙasa. Na leƙa na ga ya fara da "Duk da irin abin da kika yi mini." Na ce, "Ƙawata, wannan neman sulhu ne ko sammaci?" Ta ce in bar ta.

Iyaka uku muka ƙetare, kowace sai an sauke mu an duba fasfo. A ta Togo wani jami'i ya yi wa Ashabi Faransanci, ta mayar masa da Yarbanci, ya ƙara murya, ta ƙara. Da ya gaji ya buga mata hatimi ya ce ta wuce. Ta dawo mota tana cewa, "Kun gani? Ko'ina mutum ya je, in ya san kansa, an san shi." A Lome motar ta bi ta bakin teku, Iya Morayo ta manta da jawabi ta ce, "Kai! Duk wannan ruwa, ba mai wanki ko ɗaya?" Muka yi dariya har wani fasinja ya juyo. Muka kwana a Akara, da safe muka kama hanyar Kumasi, ranar jajibere.

Muna sauka a tasha Ashabi ta ja mu bayan wani shagon mai gyaran gashi, ta buɗe jakarta, irin mai ratsi-ratsin nan da muke kira da sunan ƙasarsu. Ta ce, "Ku tuɓe."

Na ce, "Mu tuɓe me?"

"Ankon za mu sa. Ganin farko shi ne gani. In suka fara ganinmu da kayan mota duk mun yamutse, ko zinariya muka sa gobe sun riga sun raina mu."

Na ce, "Ashabi, tsaya ki ji. A nan garin..."

"In kika ƙara ce mini a can ko a nan, sai na ɗaure miki baki da gwaggwaron nan."

Da na so, da na ɗaga murya na faɗa. Amma mai gyaran gashin ta leƙo, ta gan mu ja wur da baƙi ƙirin, ta dafe ƙirji ta ce mana sannu da yarensu, irin sannun da ake yi wa masu makoki. Ashabi ta yi murmushi ta ce, "Kin ji? Tun ba mu fita ba an fara yabawa." Wallahi daɗin wannan ne ya rufe mini baki.

Mai tasi da ya ɗauke mu yana ganinmu ya kashe kiɗa. Ya riƙa tafiya a hankali, yana kauce wa ramuka, can ya ce da Turanci Allah ya ba mu haƙuri. Ashabi ta ce, "Yaron kirki. Ya san mun sha hanya." Ni ina baya ina cizon gefen mayafina, hawaye na zuba. Iya Morayo ta ɗauka tunawa da garin haihuwata ne ya sa ni kuka, har ta dafa ni.

Sai da motar ta tsaya a ƙofar gidan a Kwadaso sannan maganar nan ta bayan taga ta faɗo mini a rai. Na binne ki. Dariyar ta yanke. Kafin in buɗe baki Ashabi ta riga ta tura ƙyaure.

Tsakar gidan cike da mata. Biyu suna kirɓa sakwara, wasu na gyaran kaji, ga akuya ɗaure a gindin mangwaro. Mai taɓaryar ta gan mu ta sake ta. Wata tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka. Sai ga Morayo ta fito daga kicin, ciki ya yi gaba, 'yar mai kumatun nan tana riƙe da zanenta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwalla ƙara.

"Baba! Wayyo Babana!"

Ta zube a ƙasa. Ban taɓa sanin Iya Morayo tana iya gudu ba sai ranar. Gwaggwaro ya faɗi, takardar jawabi ta faɗi, ta rungume 'yar tana jijjiga ta. "Wane Baba? Ke, dube ni! Babanki na baro shi yana cin amala yana faɗa da rediyo!"

"Ki rantse, Mami."

"Na rantse. Kira shi yanzu ki ji."

Morayo ta share ido. Ta dubi rigar uwar da kyau. "To wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Wace irin tambaya ce wannan?"

Morayo ta sake duban ja da baƙin da ke jikinmu. A hankali ta zame jikinta daga hannun uwar ta miƙe. Ta ce, "Au. Ashe ni ce." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Kin ce kin binne ni. Shi ne yau kika kwaso ƙawayenki kuka zo zaman makokin, a gaban dangin mijina? Sannu da ƙoƙari, Mami. Kun sha hanya."

Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki, muka ji ta murza makulli.

Iya Morayo tana durƙushe a ƙasa tana waige-waige, ba ta gane komai ba. Ofosu ya fito da gudu daga bayan gida, hannunsa duk gashin kaza, ya rasa wa zai fara gaisarwa. Sai wata doguwar tsohuwa ta taso daga kujera, uwarsa ke nan, Maame Birago. Ba ta dube mu ba. Da ɗanta ta yi magana da yarensu, kuma duk da shekaru hamsin da 'yan kai, na ji kowace kalma. Ta ce, "Mayar da kayansu mota, ka nema musu masauki. Tufafin mutuwa ba za su shiga mini ɗaki ba, ga mai ciki a gida."

To a nan ne na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar an karya itace. Na buɗe baki da yaren da na bari tun ina yarinya, na ce, "Nana, ki yi haƙuri. Matar nan ba ta sani ba. A garinmu wannan kayan biki ne. Kwana biyu tana hanya don ta ga 'yarta. Ni kaɗai na sani, kuma na yi shiru."

Tsohuwar ta sunkuyo ta dube ni. "Ke 'yar ina ce kike magana kamar yarinyar da aka aika sayen gishiri?"

Na gaya mata unguwar da aka haife ni, da shagon babana, da shekarar da aka loda mu a manyan motoci.

Ta ce, "Mun kore ku, ku ma kun kore mu, ga jakar shaida nan kun zo da ita. Wannan ya wuce. Amma kin sani kika yi shiru? Don me?"

Na nuna Ashabi. "Don waccan ta ji kunya."

Ashabi tana tsaye tana gyara gwaggwaro, tana cewa, "Me take cewa? Abeke, leshin take tambaya? Ce mata akwai saura."

Maame Birago ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Kafaɗunta suka fara rawa. Can sai dariya ta ƙwace mata, har ta dafa ni don kada ta faɗi. Ta ce, "Ina da irinta! Ƙanwar mijina. Ni ma da haka zan yi." Matan gidan suka ɗauka gaba ɗaya.

Ofosu ne ya yi wa su biyun bayani da Turanci. Ashabi ta buɗe baki ta kasa rufewa. Iya Morayo kuwa ta dubi kayan da ke jikinta. Ta miƙe, ta cire rigar leshin nan a tsakar gida, a gaban suruki da kowa, ta kwance zanen ta yar. Daga ita sai shimi da ɗan zanen ciki. Ofosu ya juya baya yana kallon akuya. Ta taka har ƙofar ɗakin, ta ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya.

Na matsa kusa, don ƙafata ta yi tsami, ina bukatar in jingina da bango.

Ta ce, "Morayo. Ban san al'adarsu ba. Laifin Abeke ne, za ki ji labari." Ta ƙara ƙwanƙwasawa. "Waccan maganar kuma laifina ne. Ban binne kowa ba. Ɗakinki duk Asabar nake share shi. Zanin gadon ma na canza kafin in taho, ban san dalili ba." Ta matsa jikin ƙofar. "Ga ni tsirara a gidan surukai. In ba za ki buɗe don ni ba, ki miƙo mini zane."

Makulli ya motsa. Ba zane aka miƙo ba, 'yar mai kumatun aka turo. Ta tsaya tana kallon tsohuwa mai shimi. Daga ciki muka ji muryar Morayo, ta sha kuka, tana cewa, "Gaya wa Kaka sunanki."

Yarinyar ta ce, "Afia Ajoke."

Iya Morayo ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Su a wurinsu uba ke zaɓen wanda za a yi wa takwara, yawanci daga danginsa. Daga baya na binciko, don ba na barin magana rabi, cewa Maame Birago ce da kanta ta ce a sa sunan uwar Morayo, ko ta zo ko ba ta zo ba. Baba Morayo kuma ya sani shekara uku, ya riƙa cewa Afia kawai. Namiji ke nan. Ni da ko kwana ba zai yi a cikina ba.

Aka ja Iya Morayo ciki aka rufe. Abin da suka ce a ciki ban ji ba, ƙofar mai kauri ce, na gwada.

Da safe Maame Birago ta buɗe akwatinta na ƙarfe ta fito da fararen zannuwa uku masu ƙanshin kafur. Su muka ɗaura muka je coci. Na Ashabi bai gama zagaye ta ba, ta wuni tana riƙe da gefe. Aka yi waƙa aka yi rawa har gaban bagadi, Iya Morayo da takwararta goye a baya, ta ƙi sauke ta ko da yarinyar ta yi nauyi kamar buhun gari. Muka dawo aka zuba sakwarar rogo da agade, da romon akuyar nan da Ofosu ya kalla jiya. Aka kawo dafa-duka, Ashabi ta ɗanɗana ta ce ba laifi, sun yi ƙoƙari, da sun zo wurinmu an koya musu. Na ƙi fassarawa. Ofosu ya fassara. Aka yi awa guda ana musu, kowa na ƙara loma.

Ankon ma bai tafi a banza ba. Ranar Asabar aka yi jana'izar wani tsohon direba a unguwar, Maame Birago ta ce mu sa kayanmu mu raka ta. Ba mu san mamacin ba ko a hoto, amma da muka shiga layin gaisuwa da gwagwarenmu kamar faifai, sai da makaɗa suka juyo. Aka ba mu kujerun gaba. Aka yi ta raɗa cewa marigayin yana da wata mata a Nijeriya, ga danginta sun zo. Ni ce na ji raɗar, kuma ban ga dalilin ƙaryatawa ba. Mata huɗu suka karɓi lambar Ashabi suna son irin leshin. Ta dawo gida tana taku ɗai-ɗai, ta ce, "Na ce muku zanen nan zai yi suna."

Kwana goma muka yi. Na je na nemo inda shagon babana yake, na tarar ana sayar da wayoyi. Na tsaya kaɗan, na sayi gasasshiyar agade da gyaɗa a bakin titi, ɗanɗanon dai bai canza ba.

Ana gobe za mu tafi, bayan azahar, muna ɗaki ni da Ashabi muna ɗaure kaya. Iya Morayo tana zaune a bakin gado tana yi wa Afia kitso, jakarta ko taɓawa ba ta yi ba.

Ashabi ta ce, "Ke, sai mota ta yi ƙaho za ki fara?"

"Ba zan bi ku ba."

"Ba za ki me?"

"Watan Morayo ya kusa. Ta ce in zauna in yi mata wankan jego. Sai bayan Ista." Ta faɗa tana murmushi, ba ta ko ɗago ba.

"Baba Morayo fa? Wa zai tuƙa masa amala?"

"Shekara uku yana ɓoye mini suna. Ya tuƙa da kansa."

Ashabi ta dube ta, ta dube ni. "Wato ni kaɗai zan zauna kwana biyu a mota da wannan munafukar? Wadda ta bar ni na shiga gari kamar mai kai gawa?"

Na ce, "Haba ƙawata, ai ya wuce. Kin ma yi kasuwa."

"Ya wuce. Kuma ya mutu a nan. Kin ji ni, Abeke? In muka isa gida, ko mutum ɗaya na ji ya san maganar nan..."

Daidai lokacin wayarta ta yi ƙara. Matar fasto ce ta aiko da saƙon murya. Ashabi ta danna, muka ji matar tana dariya har tana tari, tana cewa ƙungiyar mata na yi wa Ashabi ta'aziyya, kuma suna tambaya ko su zo tarbarta a tasha da ja da baƙi.

Na ce, "Mutum biyu kawai na gaya wa. Uku."

Ashabi ta ajiye wayar a hankali. Ta ɗauki kular namanta, wadda ba komai a ciki tun Lome, ta rungume. Ta ce, "Kujerar taga tawa ce. Kuma ko ƙashi ba za ki gani ba."

Ta fita ta bugo ƙofar da ƙarfi, har kalandar bango ta faɗo. Afia Ajoke ta tafa hannu ta ce a sake.